Ƙaramin gari a kan dutse ko birnin da ke gindinsa: ka fara auna hanya kafin ka duba gida

Yawanci wanda ya ce yana son komawa ƙaramin gari a kan dutse, idan ka bi diddigi zaka tarar ziyara ya kai wurin ta kwana biyu ko uku a lokacin da gari ya yi kyau, ya sha iska mai sanyi, ya yi barci babu fanka babu ƙarar janareto, ya dawo birni ya faɗa cikin go-sulo, sai ransa ya ce masa ai can ya dace da shi. Ni ban ga laifinsa ba ko kaɗan, wurin akwai daɗi kam. Amma ziyara daban zama daban, kuma a ganina abin da ke yanke hukunci tsakanin wuraren nan biyu ba kyan gani ba ne, ba ma arhar haya ba ce, hanyar da ta haɗa su ce, da kuma sau nawa rayuwarka zata tilasta maka bin ta.

Kar ka yarda a faɗa maka nisa da kilomita. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kilomita 40 tafiyar rabin awa ce ko ɗan fiye, amma a dutse kilomita 40 ɗin nan tana iya cin awa ɗaya da rabi, don hanya ba a miƙe take ba, kwana ce bayan kwana, ga hawa ga gangara, kuma idan Allah ya haɗa ka da babbar mota a gabanka tana jan ciki da kaya to sai dai haƙuri, babu wurin da zaka wuce ta. Ka tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum minti nawa suke yi, sannan ka sake tambaya minti nawa da dare, minti nawa ana ruwa, minti nawa idan hazo ya sauko. Hazon dutse ba wasa ba ne, da asuba sai ka kunna fitila ka ga hasken ya tsaya a gaban bonet kamar ya daki bango, kana bin farin layin gefen titi a hankali kana jin hon ɗin wata mota amma baka ganin ta sai ta zo dab da kai. Mutumin da zai yi wannan tafiya sau biyu a rana, kwana biyar a mako, shekara da shekaru, shi ne ya kamata ya zauna ya yi lissafi da kyau.

Ita kanta motar tana ji a jikinta. Inji wanda ba shi da tobo, wato na'urar da ke tura masa ƙarin iska, yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da ka hau, saboda iskar oksijin ta ragu, wato a mita 2,000 kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin ya tafi, shi ya sa ƙaramar mota cike da mutane take nishi a hawa. Saukowa kuma burki ne ke shan wuya. Wanda bai saba ba sai ya ɗora ƙafa a burki tun daga sama har ƙasa, kafin ya kai rabi ya fara jin warin ƙauri, burkin ya yi zafi ya daina kamawa yadda ya kamata, alhali abin yi shi ne ka sa ƙaramar giya inji ya riƙe motar. Ko ka iya tuƙin ma, burki da kuloci da taya zasu riƙa ƙarewa da wuri fiye da na ɗan birni, kuma gyaran da ya wuce na yau da kullum sai an saukar da motar ƙasa, ko a jira a kawo kayan gyara daga can.

Sai tambayar da mutane ba su cika yi ba: hanya nawa ce ke shiga garin? Da yawa daga ƙananan garuruwan dutse hanya ɗaya tal gare su. Ƙasa ta zaftare ta rufe ta, ko gada ta karye, ko ƙanƙara ta lulluɓe ta a ƙasashen da ake yin ta, shikenan an yanke ku daga duniya sai an gyara, mai ya ƙare a gidan mai, shaguna su fara zama wayam. Birni ko da titi ɗaya ya toshe akwai wasu goma. A Bolibiya ma matsalar hawa da sauka tsakanin La Paz da El Alto, wanda ke samanta a tsayin sama da mita 4,000, ita ta sa a 2014 aka buɗe motocin da ke tafiya a kan igiyar waya a sama, tafiyar da take cinye lokaci a cunkoso ta dawo kusan minti goma. To amma El Alto babban birni ne mai ɗimbin jama'a, ƙaramin gari mai mutum dubu uku babu gwamnatin da zata kashe masa irin wannan kuɗi, hanyar da ka gani yau da ita zaka zauna.

Inda maganar hanya ta fi tsaya min a rai shi ne asibiti. Ƙaramin gari yawanci akwai ɗan asibitin sha-ka-tafi, a duba zazzaɓi, a ɗinke rauni, a yi wa yara riga-kafi, wannan ya wadatar a mafi yawan kwanaki. Amma akwai ranar da ba zai wadatar ba. A 2015 wani kwamiti na mujallar likitoci ta Lancet ya kafa ma'aunin cewa ya kamata mutum ya iya isa inda za a yi masa tiyatar gaggawa, irin su fiɗar haihuwa, cikin awa 2. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin kusan awa biyu idan ba a tsayar da shi ba. Shanyewar ɓarin jiki irin wanda gudan jini ke jawowa, allurar narkar da shi tana da amfani ne a cikin awa huɗu da rabi na farko, kuma kafin a yi ta sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, abin da ba a samu sai a babban asibiti. Ka haɗa lokacin neman mota da tsakar dare, da lokacin saukowa a hankali saboda mara lafiya, da lokacin jira a can, ka ga ko lissafin ya fita. Idan a gidanka akwai mai juna biyu, ko tsoho mai hawan jini ko ciwon zuciya, ko wanda ake wa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, ni kai tsaye zan ce maka ku zauna birni, ko aƙalla a gindin dutsen, bana jin akwai sanyin iskar da ya kai wannan haɗarin.

Tsayin wurin ma ka tambaya, a lamba, kar ka tsaya a "ai sama ne sosai". Ƙasa da mita 1,500 mafi yawan mutane ba za su ji wani bambanci a numfashi ba. Ciwon tsauni, wato ciwon kai da jiri da tashin zuciya da rashin barci, ya fi farawa daga wajen mita 2,500, kuma mai lafiya yakan saba cikin 'yan kwanaki, jiki ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini a makonnin da ke biye. Shi ya sa 'yan tsere daga ko'ina a duniya suke tururuwa zuwa Iten a Kenya, mai tsayin kusan mita 2,400, don yin atisaye. Amma abin da ya zama riba ga ɗan tsere yana iya zama masifa ga mai sikila, domin ƙarancin iskar oksijin da sanyi da bushewar jiki duk suna tayar da ciwon, ga shi kuma ƙarin jini sai an sauka ƙasa. Mai sikila ko mai ciwon huhu da ya daɗe kar ya tattara kaya sai ya zauna da likitansa. Haka jarirai, a matsakaici nauyinsu na haihuwa yana raguwa da kusan giram 100 a duk mita 1,000. Rana kuma ta fi ƙuna a sama duk da baka jin zafinta, haskenta mai lahani ga fata da ido yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a duk mita 1,000, mai aiki a waje sai da hula, zabiya kuwa sai ya ninka kulawa. Akwai ma tsohuwar matsalar maƙoƙo, don ruwan sama ya wanke sinadarin aidin daga ƙasar duwatsu, a Suwizalan abin ya yi yawa har sai da suka fara sa aidin a gishiri a 1922, yau maganin mai sauƙi ne, ka dai tabbatar gishirinka mai aidin ne.

To duk da haka fa abin da dutse ke bayarwa ba ƙarami ba ne, kuma bana so a ɗauka ina kashe wa kowa gwiwa. A duk mita 1,000 da ka hau zafi yana sauka da kusan digiri 6 da rabi. Birni yana digiri 36 mutane na ta fifita, gari a mita 1,500 samansa yana wajen 26, ga shi birni siminti da kwalta suna shan zafi da rana su riƙa sakinsa da dare, shi ya sa ko rana ta faɗi ɗaki bai huce ba. A sama kana kwanciya ka ja bargo ka yi barci har ya ishe ka, kuma wanda ya shekara yana barci rabi-rabi saboda zafi da hayaniya shi ya san darajar wannan, yana gyara wa mutum hali ma wallahi. A ƙasashe masu zafi akwai ƙarin riba, ƙwayar maleriya mafi haɗari bata iya kammala girma a cikin sauro idan yanayi ya sauka ƙasa da wajen digiri 18 zuwa 20, don haka garuruwa masu tsayi sosai zazzaɓin yana da sauƙi. Sai dai wanda ya daɗe a sama garkuwarsa ta saba da rashinta, idan ya sauko ya kwana a ƙasa ba gidan sauro tana iya kama shi da ƙarfi, musamman yara.

Iska kuwa babu ma haɗi. Birnin da ke kwance a kwari tsakanin duwatsu yana da wata matsala ta musamman, lokacin sanyi iska mai sanyi takan kwanta a ƙasa mai ɗumi ta danne ta daga sama, hayaƙin motoci da na masana'antu ya rasa hanyar fita, haka ake fama a birnin Meziko da Santiyago ta Chile da Katmandu ta Nepal. Daga kan dutse da safe kana iya hango shi, wani hayaƙi mai ruwan toka ya rufe birnin, sai dogayen benaye kaɗai ke leƙowa. Yaro mai asma da hayaƙin mota ke tayar masa da ita sau da yawa yana samun sauƙi a sama, amma wani kuma sanyin ne ke tayar masa, don haka sai an gwada.

Sanyin nan da ake yabo shi ma yana da kuɗinsa. Abin da ka tsira da shi na fanka da na'urar sanyaya ɗaki zaka mayar wurin ɗumama ɗaki da ruwan wanka da kayan sanyi na yara. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada cikin gida ya sauka ƙasa da digiri 18 a lokacin sanyi, kuma gidan da aka gina da bulo ba wani abin tare sanyi a rufi ba zai riƙe wannan ba. A nan ne mutane ke yin kuskuren da ke kisa, a shigo da garwashi ko janareto cikin ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta, iskar kabon monoksaid bata da wari bata da launi, mutum sai dai ya yi barci bai farka ba. Don Allah duk wanda zai koma wuri mai sanyi ya riƙe wannan. Ga danshi, shanya ta kwana biyu bata bushe ba, bango ya yi baƙi a bayan kabad. Girki ma yana jan lokaci, don ruwa da ke tafasa a digiri 100 a bakin teku, a mita 2,000 yana tafasa ne a wajen 93, yana ta ɓararraka amma zafinsa bai kai ba, abin da ke buƙatar doguwar dahuwa sai ya ƙara cin gas, tukunya mai matse tururi ita ce maganin wannan.

Batun gida, eh, haya da fili sun fi arha a ƙaramin gari mafi yawan lokuta, da kuɗin ɗaki biyu a birni kana iya samun gida mai tsakar gida da ɗan lambu. Amma gini a gangare ya fi tsada, sai an yanke ƙasa an daidaita, a yi katangar tare ƙasa, a yi magudanar ruwa mai kyau, kuma kowane buhun siminti da kowane rodi sai an biya kuɗin hawo da shi. Haka duk wani kaya da ba a wurin ake yin sa ba. Kafin ka sayi fili ka ɗaga kai ka dubi abin da ke samansa, ko an sare bishiyoyin, ko akwai tsagewa a ƙasa, ko itatuwa da turakun wuta sun karkata, ka tambayi tsofaffin garin ko ƙasa ta taɓa motsawa a wurin. A ranar 14 ga Agusta 2017 wani ɓangare na dutsen Sugar Loaf ya zaftare a unguwar Regent da ke gefen Firitawun a Saliyo bayan kwanaki ana ruwa, mutum fiye da 1,000 suka mutu ko suka ɓace, kuma sare daji da gine-gine a jikin dutsen suna cikin abin da ya ƙara munin abin. Wani abu kuma, gida a birni idan ka matsu ka sa shi kasuwa zaka samu mai saye, a ƙaramin gari kana iya shekara kana jira. Banda garuruwan yawon buɗe ido, su nasu lissafin daban ne, gidaje sun koma masaukin baƙi, haya ta fi ta birni tsada, aiki kuma na kaka ne, wata huɗu ana samu wata takwas ana zaune.

Ruwa zai baka mamaki. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na ruwan daɗi na duniya daga duwatsu yake fitowa, amma ruwa gangarawa yake yi, wanda ke can ƙoli ba lallai ya samu ba, haƙa rijiyar burtsatse a cikin dutse tsada gare shi kuma ana iya haƙawa a tashi a banza, famfo kuma duk mita 10 na tsayi yana rage masa ƙarfi sosai, gidajen sama su ne ƙarshen samu. Ka tambayi yadda ake yi a ƙarshen rani, ba da damina ba. Wutar lantarki idan iska ko tsawa ta tsinka waya, birni ake fara gyara wa. Sola dai tana aiki da kyau a sama don faranti ya fi ba da wuta idan bai yi zafi ba, muddin ba garin da gajimare ke rufewa rabin shekara ba ne. Netwok kuma jikin dutse yana tare shi, gida ɗaya sabis ya cika, na bayansa sai an fito waje, don haka mai aiki ta intanet ya shiga ainihin ɗakin da zai zauna ya gwada kiran bidiyo da wayarsa kafin ya biya ko sisi.

Aiki da makaranta su ne dalilin da ya sa garuruwan dutse a duniya suke ta zubar da matasa. Ƙauyen Albinen a Suwizalan, da mutanensa ba su kai 300 ba, sai da makarantarsu ta rufe saboda babu yara, a 2017 suka kaɗa ƙuri'a cewa za su riƙa biyan kuɗi ga wanda bai kai shekara 45 ba da ya yarda ya zo ya mallaki gida ya zauna shekara 10. Ƙasa mai arziki kenan fa, mai tituna masu kyau. Matashi da ke farkon sana'a yana buƙatar wurin da idan wannan aiki ya ƙare gobe zai ƙwanƙwasa wata ƙofa, wurin da zai ga waɗanda suka fi shi iyawa ya koya, mai sayar da kaya yana buƙatar ƙafafu da yawa su wuce ta gaban shagonsa, wannan birni ne ke da shi. A ƙaramin gari ayyukan ƙidayayyu ne, malami, ma'aikacin lafiya, noma, kiwo, ɗan shago, kuma galibi akwai masu su. Yara ƙanana suna jin daɗin dutse ƙwarai, fili ga shi nan, aji ba cunkoso, kowa ya san ɗan wane ne. Daga sakandare ne abin ke canzawa, ko dai yaro ya riƙa tashi da duhu yana bin wannan hanyar kullum, ko a kai shi makarantar kwana, ko a raba gida biyu.

Zaman mutane kuma ya danganta da halinka. A ƙaramin gari idan baka fito ba kwana biyu za a zo a duba ka, motarka ta mutu a hanya na farkon wucewa zai tsaya, wannan abu ne da a birni mutum zai iya shekara goma bai samu ba daga maƙwabcin da suke haɗa bango. Amma idon da ke kula da kai shi ne ke ƙirga shigarka da fitarka, kuma baƙo yana daɗewa yana baƙo. Ka kuma tuna da sauran mutanen gidan, kai da ke sauka birni aiki kullum kana ganin jama'a, wadda aka bari a sama ba mota ba dangi ba ƙawaye ita ce zata ɗauki nauyin shirun, a tambaye ta da gaske kafin a yanke shawara, ba bayan an ɗaure kaya ba.

Ni dai inda na tsaya, dutse ya dace da wanda abincinsa baya buƙatar ya sauka kullum, mai aiki daga gida da ya gwada netwok ya gamsu, ko wanda aikinsa a garin yake, ko manomi, ko wanda ya ajiye aiki da sauran ƙarfinsa, da sharaɗin gidan kowa lafiya lau kuma akwai abin hawa mai ƙarfi. Idan saukarka birni sau ɗaya ko biyu ce a mako, ribar ta fi wahalar nesa ba kusa ba. Idan kullum ce kuma tafiyar ta wuce minti 45 zuwa awa ɗaya a rana mai kyau, zauna birni ka nemi unguwar da ke ɓangaren dutsen, ka riƙa hawa ƙarshen mako. Wanda kuma zuciyarsa ta riga ta tafi, kar ya sayar da komai tukuna, ya kama haya na shekara guda cur yadda damina da tsananin sanyi duk zasu same shi a can, ya riƙa rubuta kuɗin mai da na gyaran mota da duk ranar da hanya ta hana shi zuwa inda ya yi niyya, idan shekara ta zagayo sai su zauna da iyali su duba takardar kafin a fara maganar fili.